Ranar Da Taubashina Ya Fara Ce Mini Malam

Daga Karaye har Rogo, ka haɗa da duk ƙauyukan da ke tsakani, ba a haifi mai kunne irin nawa ba. Ka ɗaure mini ido da rawani, ka ajiye ni a bayan danga, ka sa mutum ya yi magana a ciki. Kafin ya gama gaisuwa zan gaya maka da wa yake magana, surukinsa ne, ko ɗan sanda, ko wanda ya zo aron babur. In ka matsa mini, har zan gaya maka ko ya karya kumallo. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da Hausa a sakandare, kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannuna ya san wannan, domin ni da kaina nake gaya musu duk ranar Litinin.

Wannan kunne shi ya hana ni jin daɗin littattafan labari da yawa. Ka buɗe littafi, ka tarar da alƙali, da mai tallan kunu, da ɓarawon da aka kama da akuya a kafaɗa, duk murya ɗaya suke magana, kamar mai karanta labarun rediyo. Tsohuwa ta faɗa rijiya, sai ka ji tana cewa, "Haƙiƙa ina buƙatar taimakon gaggawa." Wace tsohuwa? A wane gari? Ni abin yana ƙona mini rai fiye da yadda ya kamata. Na taɓa jefar da wani littafi ta taga, ya faɗa kan kazar maƙwabta, aka kwana uku ana sulhu.

Sai na ce bari in nuna musu yadda ake yi. Ba sai na je nesa neman wanda zan gina labarin a kansa ba, domin ina da taubashi.

Mahaifiyata Bafulatana ce 'yar Ruwan Bago, aka kawo ta Karaye. Wanta, wato kawuna, ya bar ɗa namiji wanda ya girme ni da shekara biyu. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando kalma mai daɗi ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. In na yi sallama a ƙofar gidansa, abin da nake ji daga ciki shi ne, "Ku ɓoye furar nan, ga Kaɗo mai tumbi ya zo." Ni kuma in ce, "Wace fura? Gidan da ƙuda ke shiga da guzurinsa?" Ranar da aka rufe mahaifiyata, kowa ya yi mini ta'aziyya na daure, sai shi ya matso ya ce a kunnena, "Yanzu dai ba ka da mai tare maka faɗa." A nan ne na yi kukan da ya ƙi zuwa tun safe. Ba ni da wa, ba ni da ƙane namiji. Shi ke nan mini.

Manomi ne, makiyayi, kuma dillalin shanu. Rani guda na yi ina binsa da ɗan littafi a aljihu. A kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, muryarsa tana iya tsayar da mota. Wani ya taya sa da abin da bai kai ba, sai ya ce, "Albarka! Wuce gaba, malam, layin kaji yana can." Bayan kwana biyu na bi shi gaban dagaci, shanun wani ɗan'uwansu sun shiga gonar mutane. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, muryar nan ta kara ta koma kamar zare: "Allah ya taimake ka, Allah ya ja zamaninka. Mu mutanen daji ne, ba mu san komai ba sai abin da aka nuna mana." Mutumin da ya san hanyar kotu fiye da masinja! A sakatariya kuwa, da ya je batun allurar shanu, sai ga Turanci yana faɗowa daga bakin da bai taɓa zama a aji ba: "Yallaɓai, tun las wik na cike fom, an ce fayil ɗin yana tebur ɗin oga." In ya koma cikin tsofaffin danginsa sai ya juye Fulatanci, a hankali, ƙasa-ƙasa, yana kallon yatsun ƙafarsa. Ni dai sai tsintar kalma ɗaya-ɗaya, domin mahaifiyata ba ta koya mini ba.

Na zauna na rubuta. Na sa masa sunan ƙarya, na sa wa matarsa da 'ya'yansa sunayen ƙarya, na canja sunan ƙauyen. Na kai wani kamfanin ɗab'i a Kano, suka haɗa ni da mai gyaran rubutunsu, wata matashiya 'yar birni mai tabarau. Bayan mako uku ta dawo mini da aikina ja-jawur, kamar an yanka rago a kai.

"Malam," ta ce, "tauraron nan naka kamar mutum huɗu ne. Mai karatu zai rikice. A shafi na goma yana zagi, a na sha biyar yana rawar murya. Ya kamata a daidaita masa harshe."

A daidaita! Na ce mata, "'Yata, ke yadda kike magana da ni yanzu, haka kike magana da ƙawarki a waya? Haka kike yi wa kakarki?" Na miƙe tsaye a tsakiyar ofis, na yi mata dillali a kara har maigadi ya leƙo. Na durƙusa a gaban firij ɗinsu na yi mata gaban dagaci. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ta sallama, a bar kowace murya a inda take. Yarinya ce mai hankali, ban hana ta wannan ba.

Sai ta buɗe babi na bakwai, inda mutumin yake cikin gidansa da iyalinsa.

"Wannan fa, Malam? Ni ban san ƙauye ba, amma kakata Bafulatana ce. Anya haka zai yi magana da matarsa? Da ɗansa na fari?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata tun ba a haifi babanta ba nake cin tuwo a gidan nan. Na ce kowace kalma da ke babin da kunnena na ji ta, kuma in ta taɓa ko wasali ɗaya zan kwashe takarduna in koma Karaye a ƙafa. Ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam," ta rufe. Na fito ina jin kamar na ci yaƙi.

Littafi ya fito gab da faɗuwar damina. Na ɗauki guda na hau babur sai Ruwan Bago. Bayan la'asar aka taru a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, maƙwabta, da abokan dillancinsa, da ɗansa na fari, magidanci mai 'ya'ya uku, yana zaune can gefe kamar yadda ya saba in ubansa yana wuri. Ban karanta shafi biyu ba kowa ya gane ko wane ne. Da na zo kan layin kaji, wani tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da na yi muryar gaban dagaci, shi kansa gogan ya kwanta a tabarma yana cewa, "Allah ya isa, Kaɗo! Ashe leƙen asiri kake yi mini, na ɗauka yunwa ce ke sa ka bi ni."

Daɗi ya kwashe ni, na tsallaka babi na bakwai.

A babin, mutumin ya shigo gida, ya gutsiri tuwo, ya ƙwala wa matarsa kira da sunanta, ya ce, "Ke wance, wannan tuwo ne ko tubalin gini? Kawo mini guduma." Sannan ya juya ga ɗansa na fari, shi ma ya kira shi da suna, ya ce, "Kai wane, ragon banza, rana ta gaji da jiranka ta fito." Na karanta da murya, da hannu, da komai. Na dakata inda na san za a yi dariya.

Wani yaro-yaro a cikin dillalan ya fara, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Ɗan farin ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi ta bayan gida. Tsohon da ya yi tari ya ce wai ya tuna bai ɗaure jakinsa ba. Taubashina ya tashi zaune, ya gyara hularsa, ya dube ni, ya ce:

"Madalla, Malam. Allah ya ƙara basira."

Duk duniya Malam take ce mini, har direban da ke zagina a hanya. Amma daga bakinsa ban taɓa ji ba sai ranar.

Na ɗauka wasa ne sabo ya ƙirƙiro. Bayan mako biyu na koma. Na yi sallama, na tsaya ina jiran a ce a ɓoye fura. Sai ga shi ya fito da kansa, da sabuwar tabarma a hammata, wadda ko naɗinta ba a taɓa warwarewa ba. "Maraba da Malam. Sannu da hanya. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ɗalibai? Yaya aka ji da zafi? Madalla, madalla." Aka kawo mini ruwa a kofin tangaran. Aka kawo nono a kwano mai murfi. Jama'a, har zakara aka yanka mini! Mutumin da shekara da shekaru in na miƙa hannu ga tsoka sai ya buge shi da ludayi. Na ci zakaran nan kamar ina tauna igiya. Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya, ya riƙe mini babur na hau, ya ce a gaida gida.

Na iso Karaye ina huci. Na ce wa maiɗakina, wannan wane irin wulaƙanci ne? In laifi na yi, ya zage ni mana, ai ya iya. Ya kore ni, ya sa mini kare. Amma ya ɗauke ni ya ajiye a layin baƙi, tare da malamin gona da masu rigakafi? Ta ce, "To ka ba shi haƙuri." Na ce haƙurin me? Ƙarya na yi masa? Tubalin gini, da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ragon banza, na ji. An ce marubuci ya saurari mutane, na saurara. An ce ya faɗi gaskiya, na faɗa. Waɗanda ke sa tsohuwa ta yi jawabi a cikin rijiya suna nan lafiya lau da danginsu, ni da na yi aikin kirki ni ake yi wa sabuwar tabarma!

Damina ta yi nisa, muka haɗu a wani suna a Unguwar Hajji. Na ce yau sai na fasa wannan abu. A gaban mutane na ɗaga murya na ce, "A'a, ku ƙirga cokulanku, ga sarkin rowa ya iso, wanda ke aske gashin saniya kafin ya sayar!" Da a da ne, kafin in rufe baki ya rama da uku. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyar Malam ne. Allah ya gafarta Malam." Waɗanda ba su san mu ba suka bi ni da kallo, ga ƙaton mutum da furfura yana cin mutuncin bawan Allah mai ladabi. Wani dattijo har ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan girmama na gaba. Ban iya cin waina ba ranar, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata huɗu muna haka. Na fara lura ina ajiye zagi a raina, in na ga wani abin dariya a hanya in ce wannan na wajensa ne, sannan in tuna ba inda zan kai shi.

Da kaka ta yi, na zaɓi ranar kasuwa, lokacin da na san yana kara, na tafi gidan. Matarsa tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ita ba ta shimfiɗa mini komai ba, ta tura mini turmi da ƙafa na kifa na zauna, har na ji sanyi a raina.

Na ce, "Uwargida, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Bai taɓa ce wa tuwonki tubali ba?"

"Ya sha faɗa."

"To! To me na yi?"

Ta ci gaba da ɓara, ba ta ɗago ba. "Ɗan Gwaggo, in yana faɗa, wa yake kallo?"

Ba ta jira in amsa ba, ta ci gaba:

"Kai yake kallo. Cewa yake, 'Kaɗo, ka ji tubalin da ake ba mu a gidan nan, kada ka karya haƙori ka ce mu biya.' Ni kuma in ce maka, 'Gaya wa ubangidanka in bai so ya ajiye.' Da kai yake yi, da kai nake yi. Shekara talatin da biyar ina gidan nan, bai taɓa kama sunana ba, ko a ɗaki. Yaron nan kuwa, tun da aka haife shi bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. In zai aike shi, ni yake gaya wa, ko ƙannensa. Ragon banzan da ka ji, kai yake gaya wa, don yaron ya ji ya san ubansa yana lura da shi. In ba ka nan, wa zai gaya wa? Kai kuma ka tashi rubutu, ka cire kanka daga ɗakin, ka bar mu mu uku muna kallon juna."

Ta watsa ɓawon a kwando. Ta ce yanzu a kara ana kiransa da sunan littafin, ana tambayarsa ko a kawo guduma. Ta ce surukan ɗan farin, mutanen wata ruga ta wajen Rogo, an karanta musu, har tsohuwarsu ta aiko tana tambaya wai ashe gidan da suka ba da 'yarsu ba filako, ba kunyar Fulani, uba yana kiran ɗan fari gatsal kamar mai kiran akuya. "Zagin kara bai dame shi ba," ta ce, "durƙuson gaban dagaci ma dariya yake ba shi. Wannan ɗin ne."

Kada mai karatu ya ɗauka na huce nan take. Haushi ma ƙaruwa ya yi. Na ji haushinsa da ya kasa buɗe baki ya gaya mini, ya zaɓi ya kashe ni da zakara. Na ji haushin mutanen gindin darbejiya da ba wanda ya taka mini ƙafa tun a layin farko. Na ji haushin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da ta raine ni a Karaye ba ta gaya mini yadda gidan ubanta yake ba, ko da yake da na yi tunani, ni ne ɗanta na fari, kuma ban tuna ranar da ta kira sunana ba. Fiye da kowa na ji haushin yarinyar nan mai tabarau, wadda ba ta taɓa taka kashin shanu ba, ta zauna a ƙarƙashin fanka ta hango abin da ni ban gani ba ina zaune a kan turmin gidan.

Washegari da hantsi na same shi a gona, shi kaɗai, yana tara gyaɗar da aka cire. Ya hango ni ya saki abin da ke hannunsa, ya fara: "Maraba da Malam, sannu da..."

Na ce, "Dakata." Na tuɓe takalmi a bakin kunya, na durƙusa, da tumbina da komai, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na ce na yi kuskure. Na ce za a sake buga littafin, kuma babi na bakwai zan rushe shi tun daga tushe in sake gini. Na ce zan je rugar surukan da ƙafata in gaya wa tsohuwar cewa ƙaryata ce. Na ce amma shi ma ya ji tsoron Allah, wata huɗu yana gaishe ni kamar mai karɓar haraji, ko arne ba a yi wa haka.

Ya tsinki gyaɗa ɗaya, ya ɓare, ya jefa a baki.

Na ga kamar ƙofa ta ɗan buɗe, sai na zaro ɗan littafina da biro daga aljihu. Na ce, "To yanzu, don kada in sake kuskure, gaya mini. In ba kowa, daga kai sai ita, yaya kuke magana? Faɗa mini kalma-kalma, a hankali, in rubuta."

Ya dubi biron, ya dube ni a durƙushe cikin ƙasa, ya daɗe yana taunar gyaɗarsa. Sannan ya jefar da ɓawon a gefen ƙafata.

"Mayar da abin nan aljihu, sakarai. Shekara hamsin kana shiga gidan nan, tun daga zaure bakinka ke yin gaba, har ka fita bai rufu ba. Yaushe ka taɓa jin mu? Tashi ka kama tara gyaɗa, ko Allah ya sa ka yi amfani sau ɗaya."